Yadda Ake Tattara Labaran Raha na Iyali Daga Bakin Tsofaffin Gida

A kusan kowane gida na Kaduna akwai wani labari da ake maimaitawa a duk taron suna ko na biki, wanda ko da kowa ya san ƙarshensa sai an yi dariya har da riƙe ciki. Galibi mutum ɗaya ne ya iya ba da shi yadda ya kamata, wata tsohuwa ko wani dattijo da abin ya faru a kan idonsa, wanda ya san inda zai ja murya da inda zai yi shiru ya bar jama'a su ƙarasa da kansu. Ranar da Allah ya karɓi ran wannan mutum, labarin ba ya ɓacewa nan take, sai dai ya riƙa raguwa a bakin 'ya'ya da jikoki har ya koma jimla biyu da ba sa ba kowa dariya. Wannan bayani na wanda yake son ya riga wannan rana ne, ya ɗauki muryar tsofaffin gidansu, ya rubuta abin da suka faɗa, ya kuma ajiye shi inda na baya za su same shi.

Dalilin da ya sa nake ba da shawarar a fara da labaran raha shi ne, in ka zaunar da dattijo ka ce ya ba ka tarihinsa, abin da za ka samu bai wuce inda aka haife shi, da shekarar da ya yi aure, da wadda ya sauke farali ba, sai ya rufe da godiya ga Allah. Amma in ka tambaye shi ranar da aka fi yi masa dariya a wurin aiki, a cikin amsar za ka ji sunan unguwar da ya fara kama haya, da kuɗin ɗakin, da abokan da suka ci tuwo a kwano ɗaya, da irin rigar da ake yayi a lokacin. A Kaduna wannan ya fi zama dole, domin gari ne na zuwa. Sai a 1917 Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, kuma yawancin gidajen da ke Tudun Wada da Unguwar Shanu da Kawo da Rigasa, kakanni ne suka kafa su bayan aikin reluwe ko na soja ko na gwamnatin Jihar Arewa ya kawo su, ko kuma masaƙun Kakuri da suka fara aiki tun daga 1957. Mutumin Zariya ko na Kano yana iya komawa gidan gado ya tarar da dangi da yawa da suka san asalinsa, amma a Kaduna sau da yawa labarin yadda iyali suka zo yana cikin kan mutum ɗaya ko biyu ne kawai.

Wanda ya dace ya yi tambayar

Kuskuren da aka fi yi shi ne babban ɗan gida ya ce shi zai zauna da mahaifiyarsa ya yi mata tambayoyi, tun da shi ne ya kawo shawarar kuma shi ne ya sayi wayar. Kunya ba za ta bari ba. Uwar da ta yi shekara hamsin ba ta kama sunan ɗanta na fari ba, ba za ta zauna yau ta ba shi labarin yadda mahaifinsa ya yi tuntuɓe da turmi ranar da ya zo zance ba. Jika ne mai wannan dama, saboda al'ada ta riga ta ba shi izinin da ta hana ubansa. Kaka tana kiran jikanta namiji mai gidanta ko angonta, tana kiran ta macen kishiyarta, kaka namiji kuma yana tsokanar jikarsa da cewa ita ce amaryarsa, kuma a cikin wannan wasa ana faɗin abubuwan da ba za a taɓa faɗa a gaban 'ya'ya ba. Saboda haka a zaɓi jikan da ya fi shiri da tsohuwar, wanda ya yi hankalin da zai iya riƙe sirri, a koya masa sarrafa wayar, iyayen kuma su bar ɗakin.

In an sami tsofaffi biyu da suke wasa da juna, to, a haɗa su a zama ɗaya. Taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, ko sun haura saba'in ba sa daina jayayya a kan wanda ya ƙi biyan kuɗin shara da wanda ya gudu ya bar ɗan'uwansa a hannun mai gona. Haka ma tsofaffin maƙwabta masu wasan ƙabila ko na gari, irin Bakano da Bazazzagi, ko Bafulatani da Babarbare, ko Bakatsine da Banufe, waɗanda Kaduna ta tara su a layi ɗaya. Ɗaya yana ba da labari, ɗayan yana ƙaryata shi yana gyara masa, kuma a wannan gardamar ce ake samun sunaye da wurare da mutum ɗaya zai manta. Illar kawai ita ce muryoyi suna hawa kan juna, don haka a yi irin wannan zama bayan an riga an ɗauki kowannensu shi kaɗai.

Izini, lokaci da wuri

Ba a ɗaukar muryar babba a ɓoye, ko da da kyakkyawar niyya ne. A gaya masa a fili cewa wayar tana ɗauka, a faɗi dalili, a kuma yi masa alkawarin duk abin da ya ce a goge za a goge. Jika zai iya cewa, "Hajiya, so nake in ajiye muryarki saboda 'ya'yana su ji labarin nan daga bakinki, in kin yarda." Wasu za su ƙi a karon farko, wasu su ce sai sun sake mayafi ko da murya kaɗai ake ɗauka, kuma duk wannan a bi su da haƙuri. Kada a je hannu rabbana. Ɗan goro, ko turare, ko sabulu, ko furar da ta saba sha sun wadatar, in kuma haƙora sun yi ƙaranci a tafi da magogin goro a goga mata, don hirar ta fi tafiya in baki yana motsi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi bayan an karya kumallo, ko bayan la'asar kafin a fara shirin magariba. Bayan isha'i gyangyaɗi yake zuwa, da rana tsaka kuma akwai zafi da ƙailula, sannan a guji yinin azumi. Zama ɗaya kada ya wuce awa guda, domin rai dangin goro ne, kuma gara a dawo sau da yawa da a gajiyar da tsoho har ya ji an mai da shi aiki.

Game da wuri, ɗakin tsohuwar ya fi falo, saboda katifa da labule da darduma suna shanye amsa-kuwwa, ga shi kuma kayan da za su tuno mata da abubuwa suna kewaye da ita. A kashe fanka da talabijin, a duba ko janaretan maƙwabta ko injin niƙa na kusa yana aiki, don kunne yana iya yin biris da irin wannan ƙara amma waya ba ta yi. A katse layin wayar gaba ɗaya kada kira ya shigo ya yanke ɗauka, a ɗora ta a kan matashi kamar kamu biyu daga bakin mai magana, kada a riƙe ta a hannu. A gwada na minti ɗaya a saurara kafin a fara. Da an fara kuma, mai tambaya ya faɗi ranar da wata da shekara, da unguwar da ake, da cikakken sunan mai ba da labari da nasa, domin bayan shekara ashirin babu wanda zai tuna waɗannan. In an kira salla a tsaya, a ci gaba bayan an idar.

Yadda ake jawo labari

Tambaya mai faɗi ba ta haifar da komai. In ka ce, "Kaka, yaya rayuwa take a da?" amsar ita ce da akwai albarka, yanzu babu. A maimakon haka a kama wani abu da hannu zai iya taɓawa. A sauko da wata tsohuwar kwalla ko langa daga saman kabad a tambayi wanda ya saya da bikin da aka kawo ta. A buɗe akwatin ƙarfe a fito da hoton da aka ɗauka a gidan hoto, a bi mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya, a tambayi na wane ne agogon da ke hannun ango, don sau da yawa na aro ne kuma akwai labari a bayansa. Katin shaidar aiki na masaƙa, da tsohuwar rediyo, da ƙararrawar keken Raleigh da ya daɗe da mutuwa, kowanne yana iya ɗaukar zama guda.

Hanya ta biyu ita ce a jingina tambaya da wani abin da ya faru wanda duk garin ya shaida, saboda tsofaffinmu da yawa ba sa lissafi da shekarun boko, da aukuwa suke yi. Akwai zuwan Sarauniyar Ingila a 1956 da hawan dabar da aka yi mata a Kaduna. Akwai buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, da rasuwar Sardauna a ranar 15 ga Janairu 1966, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Akwai ranar 2 ga Afrilu 1972 da aka koma tuƙi a hannun dama, wadda duk dattijon da ya taka keke zuwa Kakuri a makon yana da abin faɗa a kanta. Akwai canjin kuɗi a 1973, da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da ma'aikata suka karɓa a tsakanin 1974 da 1975, lokacin da babura da rediyoyi suka cika unguwanni, da fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975, da babban hawan daba na 1977, da cire Katsina daga jihar a 1987. Tambayar "Kina ina ranar da aka canja kuɗi?" tana ba da labari, kuma tana ba da shekara a lokaci guda, ta yadda in ta ce a lokacin tana goyon wance, ka san shekarun wance ke nan ko da ba ta da takardar haihuwa.

Bari in kawo misalin da na ji da kunnena daga wata tsohuwa a unguwarmu, wadda ta yi shekaru tana tuyar ƙosai a bakin layi. Kafin Janairun 1973 sule ɗaya kwabo goma sha biyu ne, sule ashirin kuma fam guda. Da naira ta zo, fam ya zama naira biyu, sule kuma ya koma daidai da sabon kwabo goma. Ita ƙosanta ɗaya kwabo ne, don haka mai sule yana tafiya da goma sha biyu. Ta ce da safiyar da sababbin kuɗin suka fara yawo, wani leburan reluwe da ya saba saye a wurinta ya miƙo mata kwabo goma ya tsaya yana jiran goma sha biyunsa. Ta ƙirga masa goma cif ta naɗe a takarda. Ya ce, "Iya, saura biyu." Ta ce masa, "Ɗan nan, kwabo goma ka ba ni, sauran biyun ka je ka karɓa wurin Gowon." Har ta tsufa, in ta zo nan sai ta ajiye abin da ke hannunta ta yi dariya har hawaye ya zubo, ta ƙara da cewa mutumin ya yi mako guda yana wuce ta yana gaishe ta ba ya saye, kafin ƙamshin man gyaɗa ya dawo da shi.

Wanda bai san aikin ba zai yi dariya ya kashe wayar a nan. Wanda ya sani kuwa yanzu ya fara, domin kowace gaɓa ta labarin tana da wata tambaya a ƙarƙashinta. A ina daidai take ajiye kaskon? Nawa ne mudun wake a lokacin, kuma a wace kasuwa take sayowa? Wa yake surfa mata waken da asuba, a dutse ake niƙawa ko an fara kai wa inji? Me ta yi da ribar? Da irin waɗannan tambayoyin ne aka gano cewa da kuɗin ƙosan nan ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, kuma abokiyar zamanta, wadda jikoki suka taso suna jin ba sa ga maciji da juna, ita ce take tashi ta hura mata wuta duk lokacin da take da tsohon ciki. Babu wanda zai sami wannan in da tambayar farko ita ce yaya zamanta da kishiyarta ya kasance.

Akwai ladubban saurare da dole a kiyaye. Kada a katse mai magana don a gyara masa shekara ko suna, a rubuta shakkar a takarda a bari sai daga baya. In ya yi shiru kada a yi gaggawar cike wurin, don sau da yawa abin da ya fi daraja yana zuwa ne bayan shirun. In ya dawo da labarin da ya bayar jiya, kada a ce masa an riga an ji, a sake ɗauka, saboda kowane maimaici yana zuwa da wani ɗan ƙari, kuma labarin da tsoho ya fi maimaitawa shi ne wanda ya fi so a riƙe masa. Mai tambaya ya yi dariyarsa yadda ta zo masa, domin babu mai ba da labarin raha ga fuskar da ta ɗaure, amma ya rage yawan "to" da "haka ne" da za su riƙa hawa kan muryar babba.

Kada a tsaya ga zamanin da kawai. A tambaye su yadda suke ganin tsufan kansu, don a nan ma suna da raha mai yawa da ba a cika ba su damar yi ba. Akwai dattijon da zai ba ka labarin yadda ya tayar da gida ana neman tabaransa alhali yana goshinsa, da tsohuwar da za ta kwaikwayi yadda jikokinta suke gaishe ta idonsu na kan waya, da wanda ya hau jirgin ƙasa daga tashar Rigasa bayan an buɗe layin Abuja a 2016 ya dawo yana kwatanta shi da jirgin gawayin da ya kawo shi Kaduna yana saurayi. Idan su da kansu suka yi wasa da gwiwar da ta ƙi lanƙwasuwa ko haƙorin da ya yi sallama, wannan nasu ne kuma ya cancanci a ajiye. Abin da bai halatta ba shi ne yaro ya fara.

Wani lokaci dariya tana juyewa kuka ba tare da sanarwa ba. Labarin wani maƙwabci mai barkwanci yana iya ƙarewa da cewa tun rikicin 2000 ko na 2002 da ya raba mutane da unguwanninsu, wasu suka ƙetare kogi wasu suka dawo ta nan, ba a sake ganinsa ba. Hirar wasannin da ake yi a layin karɓar albashi tana iya kaiwa ga shekarun da masaƙu suka rufe aka bar magidanta ba aiki. In haka ta faru a tambaya a hankali ko a dakatar da ɗauka. In ya ce a bari, a bari, in ya ce a kashe, a kashe a gabansa ya gani, a yi wa mamatan addu'a tare, kuma kada a tashi a tafi sai hankalinsa ya dawo.

Adanawa

Aikin mutane da yawa yana lalacewa ne a nan, don waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana kuma goge abubuwa in wuri ya cika. A ranar da aka ɗauka a canja wa muryar suna zuwa shekara da wata da rana da sunan mai magana. Murya ba ta da nauyi, awa ɗaya a yawancin wayoyi tana tsakanin megabayit 30 da 60 ne, saboda haka babu uzurin rashin wuri. A ajiye kwafi a wurare uku, ɗaya a kwamfuta ko filashi, ɗaya a ma'ajiyar intanet irin Google Drive da ke ba da gigabayit 15 kyauta, ɗaya kuma a hannun wani ɗan'uwa da ke wani gidan dabam. Zauren WhatsApp na dangi wurin rabawa ne, ba ma'ajiya ba ne. Tsofaffin hotuna a ɗauke su da waya a hasken rana a inuwa, a rubuta sunayen mutanen a bayansu da fensir, ba da biro ba don tawada tana ratsa takarda, a kuma raba su da bango mai danshi saboda damina da gara. In akwai kaset na biki ko na saƙon murya da wani ya aiko daga Makka shekarun baya, a nemi masu mayar da shi cikin kwamfuta tun zaren bai manne ba.

Mayar da murya rubutu

A fara rubutawa tun hirar tana sabuwa a kai, kuma a san cewa aiki ne mai cin lokaci, don awa ɗaya ta magana tana iya cinye yini guda. Rubutun farko ya zama kalma da kalma, yadda aka faɗa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma rabin daɗin labarin tsoho yana cikin harshensa ne. In kakarka Basakkwata ce ko Bakatsina ko Bazazzagiya, a bar mata karin harshenta, kada a mayar da shi daidaitacciyar Hausar makaranta. In Bafulatana ce ko Banufiya ko Bagwariya da ta koyi Hausa a Kaduna, a bar yadda take faɗa, ba don a yi mata dariya ba sai don haka jikokinta suka san muryarta. A bar rantsuwarta da salatinta da "ka ji fa" ɗinta, a nuna inda ta yi dariya da inda ta tafa hannu. A saka madannin Hausa a waya, irin wanda ke cikin Gboard, don a sami ƙ da ɗ da ɓ, in ba haka ba wata rana mai karatu zai kasa gane abin da ake nufi. Bayan wannan ne za a iya yin rubutu na biyu don karatu, inda za a rage maimaici a haɗa gutsattsarin labari ɗaya da aka bayar a zama dabam-dabam, amma ba a ƙara wa tsoho maganar da bai yi ba, ko da ana ganin za ta fi ban dariya.

Sunaye suna buƙatar kulawa ta musamman. Tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ba, Malam za ta ce, ko Alhaji, ko "shi", kuma a gida ɗaya ana iya samun Abba uku da Ummi biyu da aka sakaya sunayensu saboda sun ci sunan manya. Ga kuma su Tanko da Kande da Gambo da Auta, waɗanda har suka rasu wasu jikokin ba su san sunayensu na yanka ba. A ware shafi guda a jera kowa da sunansa na yanka da laƙabinsa da dangantakarsa da mai ba da labari, a tambayi gwaggo ko kawu su cike inda aka rasa.

In ana son tabbatar da wata shekara ko wani abin da ya faru, Kaduna ta fi yawancin garuruwa sauƙin wannan, domin ga Gidan Arewa a kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar binciken tarihi a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma reshen ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa. Tsofaffin jaridu irin Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a 1939, da New Nigerian da ta fara fita a 1966, suna taimakawa wajen gano ranaku da farashin kaya. Abin da aka gano a rubuta shi a ƙasan labarin a matsayin ƙarin bayani, kada a shiga cikin maganar mai ita a canja. In kawu da gwaggo sun saɓa a kan wanda akuya ta bi da gudu ranar sallar layya, a rubuta ruwayar kowa da sunansa.

Abin da ake fitarwa da abin da ake rufewa

Ba duk abin da ya ba da dariya a ɗaki ne ya dace ya fita tsakar gida ba, balle ya hau Facebook. Suratul Hujurati ta hana izgili da jifa da munanan laƙubba da cin naman ɗan'uwa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne in tambayi kaina, da wanda ake labarinsa yana zaune a wurin, zai yi dariya tare da mu ko zai sunkuyar da kai? Labarin saki, da na bashi, da na wata cuta, da gorin asali, da duk abin da zai sa 'ya'yan wani ɗaki su ji an muzanta uwarsu, a bar su a cikin muryar da aka adana a hannun mutum ɗaya amintacce, ko a goge su in mai maganar ya nema. Zumuncin da aka yi shekaru ana lallaɓawa yana iya tsinkewa a kan shafi guda.

Ina da ƙyama ta musamman ga ɗabi'ar da ta yaɗu ta ɗaukar bidiyon tsohon da ya fara ruɗewa ana yi masa tambayoyi don ya yi shirme a watsa wa duniya. Wanda hankalinsa ya fara rauni ba ya iya ba da izini, kuma dariyar da ake yi a nan ba tasa ba ce. In an lura kaka ta fara haɗa zamani da zamani, a ci gaba da zama da ita ana hira don jin daɗinta, amma a ajiye wayar.

Kafin a raba wa kowa, a koma wurin mai labarin a karanta masa abin da aka rubuta da babbar murya. Zai gyara suna, zai cire wani abu, kuma kusan kullum zai tuno da wani labarin da ya fi na farko, don haka a tafi da wayar da caji. Bayan ya amince, a kai wurin masu buga takardu a yi ɗan littafi da manyan haruffa saboda masu raunin ido, a sa hotunan da aka tattara, a raba wa kowane ɗaki kwafi a taron Salla ko na wani biki. A shafin farko a rubuta sunayen waɗanda suka ba da labaran, da ranakun da aka zauna da su, da sunan jikan da ya ɗauka, da kuma wanda muryoyin na asali suke hannunsa, don duk wanda ya so saurare ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A bar shafuka kaɗan farare a ƙarshen littafin, saboda iyayen da aka fitar daga ɗaki a farkon aikin su ma sun fara furfura, kuma zama na gaba da su za a yi.